Ba Ƙazwa Ce da Barsu Ba

Utai, ta Wudil
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga Yayan Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen da ka tarar a can ko da ban san su ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafarka, ya tsare ka a inda kake yini da inda kake kwana.

Ga yadda muke a gida. Malam babanku yana nan yadda ka bar shi, hannun bai dawo ba, harshen ma da sauran nauyi, amma jiya ya kai kansa bakin zaure da sanda ya zauna har azahar. Ummi lafiyarta ƙalau, ta koma makaranta. Gwaggonka Kande tana fama da haƙori, kuncinta ya kumbura, sai dai bai hana ta magana ba. Jar akuya ta haihu, ɗaya ya tsaya, ɗaya bai tsaya ba. Kaji sun yi mura, mun yanka biyu kafin su faɗi. Ni kuma ina nan.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban riƙe biro ba sai da furfura ta fara fito min, a ajin manya na yamma, kuma har yanzu in na gaji nakan manta lanƙwasar da ke kan ƙ. Ummi ta ce in bari ta tura maka saƙon murya. Na ce kai da bakinka ka faɗa, can babu sabis sai an hau tudu, kuma murya sau ɗaya ake saurara a wuce. Takarda tana zama a aljihu.

Ka tafi ka bar ƙunshin maganin karenmu Barsu a gindin rumbu, inda na ajiye maka don kar ka manta. Ga shi nan na ba Ɗanjuma direba, mai kai shanu kudu daga kara, ya ce hanyarsa ta bi ta kusa da gonarku a ƙasar Nasarawa. Akwai sabulun ruwa kwalba biyu, da ƙwayoyi, da maganin ɗigawa a kunne. Kafin ka buɗe ko ɗaya ka karanta wannan har ƙarshe.

Na ji abin da manajan gonar ya faɗa maka, don a sifika ka sa wayar kana ɗaure jaka, ni kuma ina tankaɗe a bakin madafa. Ya ce raguna suke kiwo na Layya, kai kaɗai za ka riƙa kwana a wajensu. Ya ce mai gadin da ya gabace ka bai ji zuwan ɓarayi ba sai da suka tsaya a kansa, suka ɗaure shi, suka fasa masa kai, shi ya sa yanzu suke son mai kare. Sannan ya ce in karen naka mai ƙazwa ne kar ka ma sauke shi daga mota, in ya gan shi yana susa kusa da raguna zai sa a harbe shi. Ka yi dariya ka ce lafiyayye ne. A ranar lafiyayye ne. Amma da safen da za ku tafi na ga yana kaɗa kai, ya zauna yana lasar dagin hagu. Haka yake farawa. Kuma can ruwa ya riga mu sauka.

Kai ba ka ga ciwon nan ba. Kana Kano wajen gadin kamfani daminar da Malam ya faɗi, ka dawo ka tarar da kare mai gashi da ƙarfi. Don haka zan gaya maka yadda aka yi, da inda na yi ba daidai ba, don kar ka bi ta wajen.

Da Malam ya kwanta babu mai kula da karen. Shi ya raine shi tun idonsa bai buɗe ba, shi yake fita da shi farauta, ni tsakanina da shi in zuba masa ƙanzo a tsohon kasko in janye zanina. Ruwa ya yi nisa sai na fara jin wani wari a bayan gida, kamar ƙullun da ya kwana uku ba a dama ba. Na zaci kwata ce ta toshe. Ashe Barsu ne. Hammatarsa da matsematsinsa da ƙasan wuyansa sun yi ja, daga baya suka yi baƙi, fatar ta yi kauri tana maiƙo. Yini yake yana susa da lasar ƙafa.

Gwaggonka ce ta fara sa masa suna. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ƙazwa ce, a shafa masa baƙin mai, in bai warke ba a kai shi daji a baro shi kafin ya shafa wa yara. Ban tambaye ta inda ta sani ba. Duk kare mai susa a garin nan mai ƙazwa ne, haka muka taso muka ji. Na aika aka karɓo baƙin mai wajen masu gyaran babur, na ɗaura tsumma a sanda na shafe shi daga nesa. Ya lashe, ya kwana yana amai, fatar kuma ta saɓule a wurare biyu. Tabon da ke gefen cikinsa, wanda kake cewa na gada ne ko na gyado, nawa ne.

To, ka ji na farko. Kar ka karɓi sunan ciwo daga bakin wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Kuma baƙin mai, da kalanzir, da toka da kanwa, da maganin feshin wake, kar ko ɗaya ya taɓa jikinsa, ko wa ya ce ya gwada a nasa ya yi.

Da wannan bai yi ba sai na tafi Wudil ranar Juma'a, na shiga layin masu maganin shanu. Na ce karen maigidana ne ke da ƙazwa. Ka lura, ni na kai masa sunan, shi kuma ya ba ni maganin sunan. Ya zuƙo allura a sirinji ya ce ta ɗan akuya ce, za ta yi wa kare. Wani maƙwabci ya yi masa. Barsu ya yini yana tangaɗi kamar ya sha wani abu, yawu na zuba. Ya tashi dai, amma susa tana nan, wari yana nan. Mutumin bai cuce ni da gangan ba, shanu ya sani, kuma karen ko ganinsa bai yi ba. A can ma za ka samu irinsa, mai jaka a bayan babur yana bin rugage. Ka gaishe shi da kyau, ka bar shi ya yi wa raguna abin da manaja ya kira shi ya yi, amma kar ka riƙe masa Barsu.

Akwai kuma man shafawa na bututu, wanda mata ke haɗawa da mai don haske. Wata ta ce yana kashe ƙaiƙayi. Ya kashe kuwa, na kwana biyu na zaci an rabu. Da na daina ya dawo ya fi da. Daga baya aka gaya min irin wannan man yana kwantar da ƙaiƙayi ne ya bar abin yana yaɗuwa a ƙarƙashi. Shi ma ka bar shi.

Wadda ta raba ni da wahala malamarmu ce ta ajin manya. Ta ga ina gyangyaɗi a aji, na gaya mata dalili, sai ta ce akwai wata likitar dabbobi a Sabon Gari, Likita Rahila, Kirista ce daga ƙasar Gombe, mijinta yana aiki a jami'a. Mun sha wahala kafin mu samu mai a-daidaita da zai ɗauki kare. Wanda ya yarda ya ce sai an shimfiɗa buhu, kuma ni zan wanke kujerar. Na wanke.

Abin da ya fara ba ni mamaki, durƙusawa ta yi ta kai hancinta kusa da kunnensa ta shinshina. Sannan ta tambaye ni ko akwai mai susa a gidan, ni ko yara ko Malam. Na ce babu. Ta tambaya ko karen maƙwabta da suke yawo tare ya kamu. Na ce a'a. Sai ta yanko salatif, irin na liƙa takarda, ta manna a hammatarsa ta ɓanɓare, ta tsoma a ruwa mai launi, ta liƙa a gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan na likitoci. Ta kankari wani wuri kuma da reza ta duba daban. Ta daɗe. Daga nan ta ce, "Mama, zo ki gani da idonki."

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Wasu abubuwa ne birjik, kowanne kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu da ba a ɓare ba. Na ce mata gyaɗa nake gani. Ta yi dariya ta ce su ma haka aka koya musu gane shi. Ta ce ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne mai ƙafafu da ke haƙa rami a fata, ta neme shi ba ta gani ba. Wannan kuwa ba ƙwaro ba ne, dangin yis ne, irin abin da ke sa ƙullun burodi ya tashi. Yana nan a fatar kowane kare ba ya yin komai, sai ya samu laima da zafi, ko cizon ƙuma, ko jikin karen ya ƙi wani abu, sai ya yi yawa. Na ce to me zan ce da mutane yake damunsa, don ba zan iya wannan dogon bayani a bakin rijiya ba. Sai ta tambaye ni me muke kiran farin tabon nan da ke fito wa mutane a wuya da ƙirji lokacin zafi. Na ce ƙyasbi. Ta ce, "To ki ce ƙyasbin kare ne. Ba shi ne sak ba, amma 'yan gida ɗaya ne, kuma maganinsu ɗaya."

Da na dawo na gaya wa Gwaggonka. Ta ce oh, yanzu har kare ya samu ƙyasbi, saura ya fara shafa hoda ya je biki. Tun daga ranar take kirana uwar Barsu, in ta shigo ta ce ina kwana, yaya mai jiki, tana nufin karen, Malam yana zaune yana ji. Amma ka lura, daga ranar ba ta sake cewa a kai shi daji ba. Babu wanda ake kora daga gari don ƙyasbi. Ita kanta tana da shi a bayan wuya.

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. In manaja ya gan shi yana susa ya ce ƙazwa, kar ka ce e don ladabi, kar kuma ka yi shiru. Na san halinka, in babba ya yi magana kai kake sunkuyarwa, kuma ni na koya maka. A nan kar ka sunkuyar. Ka ce, ranka ya daɗe, ƙyasbi ne, likita ta duba a madubi, ba ya kama raguna, ga maganinsa ina yi. Lambar wayarta tana jikin kwalbar, da hannunta ta rubuta, ta ce ko wane ne ya kira ta za ta yi masa bayani. Ka faɗa tun kafin ya furta kalmar a gaban ma'aikata, don in ya furta a gabansu zai yi masa wuya ya janye. Sai dai kar ka yi masa ƙarya. Likita ta ce kare yana iya haɗa biyun. In ka ga gashi yana zuba a gefen kunne da gwiwa, wurin ya bushe ya yi ɓawo, ko kai ma ka fara susa a hannu da ciki, to wannan wani abu ne daban, ka nemi likitan dabbobi na can ya duba.

Yanzu wanka. A nan ma na yi kuskure, kuma kai ma shi za ka yi in ban faɗa ba, don jini ɗaya ne. Ta ba ni sabulun ruwan ta ce sau biyu a mako, a cuɗa, a bar kumfar a jikinsa minti goma kafin a ɗauraye. Na ji cuɗawa, na ji ɗauraya, na tsallake na tsakiya. Ka san yadda muke da jiƙaƙƙen kare. Na ɗaura leda a hannu biyu, na zuba, na goga sama-sama, na sheƙa masa bokiti, na ruga na wanke hannu na canza zani kafin la'asar. Duka wankan bai kai a ɗaura ɗankwali ba. Da muka koma ta ga babu sauyi, ta tambaye ni yadda nake yi, na nuna mata. Ta ce, "Mama, ƙasar bayan gidanki kike yi wa magani." Ta ce maganin ba ya aiki sai ya zauna a fata.

Na je na tambayi malamin Islamiyyarmu ta bakin matarsa. Ya aiko cewa dabba ce a hannunmu, ita ke tsare mana gida, jinyarta ba laifi ba ne, in na gama in wanke hannuna da abin da ya jiƙe na tufafi in yi sallata. Tun daga nan na ware tsohon zani ɗaya na wankan Barsu. Kai ma ka ware riga da wando, ka rataye su daban, shi ke nan hankalinka ya kwanta ba za ka yi gaggawa ba.

Ni ba ni da agogo, ga yadda nake yi. Ina ɗora ruwan shayi a gawayi, in jiƙa shi, in cuɗa, ba na ɗauraye shi sai butar ta fara kuka. Kai kana da waya, ka duba. Ka ɗaure shi gajere a inuwa, ka riƙe masa haɓa kana yi masa magana don kar ya lashe, kar kuma kumfa ta shiga ido. Bayansa ba shi ne wurin ciwon ba, kar ka ɓata sabulu a nan. Ka bi hammata, matsematsi, ƙasan wuya, gindin wutsiya, ka buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya son a taɓa dagin hagu, zai yi gurnani, ba zai cije ka ba. In ka ɗauraye ka ɗauraye sosai har ruwan ya fita fari.

Sannan ka busar da shi. Ni da farko sakinsa nake yi, shi kuma kai tsaye sai gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, ya kwanta a laima. Abin da na wanke da safe ya tsiro da yamma. Ka goge shi da busasshen tsumma har cikin yatsu, ka yi wankan da hantsi don rana ta ƙarasa. Ka ɗaga masa wurin kwana da katako ko tsohuwar ƙofa, kar ya kwanta a jiƙaƙƙen buhu. In akwai rafi kusa zai shiga, ɗan Wudil ne, ba za ka iya hana shi ba. In ya fito ka goge shi. Ka riƙa duba masa ƙuma da kaska, don cizonsu ne ke buɗe wa abin ƙofa.

Ƙwayoyin sunansu ketokonazol, harafi-harafi na kwafo daga kwalin. Na je wajen Likita jiya na gaya mata abin da na gani da safen tafiyarku. Ta ce ka fara da wanka. In ya yi mako biyu fatar tana ƙara baƙi da wari, ka hau tudun nan ka kira ta, in ta ce ka fara ƙwayoyin, sannan ka fara. Ta auna shi a sikeli watan jiya, ta rubuta adadin da Hausa a jikin ledar. Kar ka ƙara don ya yi saurin warkewa. Ka ba shi a cikin abinci mai ɗan maiƙo, lomar tuwo da miya ko kan kifi, ba da yunwa ba. Yana da wayo, zai ci tuwon ya tofar da ƙwayar a gefe, ka tsaya ka ga ya haɗiye.

Nawa kuskuren da su shi ne irin wanda muke yi da maganin kanmu. Da na ga gashi ya fara fitowa, wari ya tafi, sai na ƙulle sauran a bakin zani na jefa a kwalla, na ce a ajiye saboda gaba. Gaban bai yi nisa ba. Ya dawo, muka sake daga farko, kuma karo na biyu ya fi daɗewa. In ka fara, ka kai inda ta ce, ko da ka ga ya warke a ido. Amma maganin yana da nauyi a hanta. In ya ƙi abinci, ko yana amai, ko ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ko farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ka tsayar a ranar, ka kira ta. Kar kuma ka ba wani ko ƙwaya ɗaya don nasa karen, musamman karya mai ciki. Za a roƙe ka. Ka ce na mamarka ne ta ƙirga.

Saura kunne. Na bar shi a ƙarshe ne don in hannuna ya gaji in tsaya a kansa.

Duk wancan lokacin fata nake kallo, don ita ake gani, ita mutane ke magana a kai. Yana kaɗa kai, yana goga kunne a bango, na ce ƙuda ne. Wata rana da azahar na fito daga bayan gida da bokitin ƙarfe, hannun bokitin yana ƙara, shi yana kwance ya ba ni baya. Na zo har kansa bai motsa ba. Sai da inuwata ta faɗa masa a fuska ya zabura. Wannan karen da ke jin babur ɗin Malam tun daga kwalbati. Na ajiye bokitin na kira sunansa daga baya, sai a kira na uku ya juyo, kuma ɓangaren da ba nan nake ba ya fara duba. Na ɗaga kunnen. Ciki ya cika da baƙin abu kamar daddawa, ramin ya kumbura ya kusa rufewa.

Likita ta ce abu ɗaya ne da na fatar, kunne ne ma gidansa na farko. Ta leƙa da 'yar fitila ta ga fatar can ciki ba ta fashe ba, sannan ta ba da na ɗigawa. Ta sake leƙawa watan jiya, shi ya sa ta yarda in aiko maka da shi. Ka ɗaga kunnen sama, ka ɗiga yadda ta rubuta, ka murza gindin kunnen a hankali har ka ji yana ƙara kamar ana taka laka, ka sake shi ya kaɗa kai, ka goge abin da ya fito da auduga a yatsanka. Iyakar inda yatsa ya kai. Kar ka sa tsinke, kar ka sa gashin kaza, kar ka zuba ruwa ko man ja. In ka ga ya karkatar da kai gefe ɗaya yana tafiya, ko yana kuka in an taɓa, ka daina ɗigawa ka nemi likita.

Jinsa ya dawo a hankali. Ranar da na tabbata, muna zaune sai ya miƙe ya kama haushi yana kallon zaure, babu kowa. Can sai ga Gwaggonka ta yi sallama. Ta ce wato ita ya warke ya fara yi wa haushi. Malam ya yi dariya har da tari, karo na farko tun da ya faɗi.

Don haka kowace safiya, kafin ka sha shayi, ka ɗaga kunnuwansa biyu ka shinshina. Na san abin da za ka ce. Ni ma na faɗa, na kuma yi. In babu wari, shi ke nan. In ka ji tsami, ka fara ɗigawa a ranar, kar ka jira ya fara susa. Sannan ka riƙa gwada shi. Ka bari ya ba ka baya, ka taka busasshen kara daga nesa, ka ga ko kunnen ya motsa. Kare mai ƙaiƙayi hankalinsa yana kan jikinsa, in kunnen ma ya toshe to sunan kare kawai gare ka. Kai kuma tun kana yaro in ka yi barci sai an girgiza ka. Manaja ya ɗauki mutum da kare, amma a cikin ku biyun shi ne mai ji. Raguna suna ƙara tsada kullum har Sallah, kuma ba mu kaɗai muka san haka ba.

Ba ni da abin da zan gaya maka a kan ɓarayi, ban san su ba. Malam ya ce in rubuta maka, in sun fi ƙarfinka ka bar musu ragunan. Ya maimaita sau biyu don in fahimci harshen. Ni abin da na sani shi ne kunnen kare, shi na rubuta.

Na fara takardar nan Talata, yau Alhamis. Da na zo bayan ambulan na kira Ummi ta rubuta sunan wanda za a kai wa, don Ɗanjuma ya ce Yayan Ummi ba zai isar da saƙo a gonar mutane ba. Ka san kai ne na fari, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, ko ranar da aka raɗa shi. Ummi ta karɓi biro, sai na ce ta ba ni. Faɗar sunan aka ce kunya ce, ban ji wanda ya ce komai a kan rubutu ba, don lokacin da aka kafa abin iyayenmu mata ba sa rubutu. Ya ɗan karkace, harafin ƙarshe ya gangara ƙasa. In ka ga haka ba hannun Ummi ba ne.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama lafiya ka dawo da ƙafarka, kai da shi. Malam yana sa maka albarka. Ummi tana gaisuwa. Gwaggonka ta ce a gaida ɗan'uwanka mai ƙyasbi.

Ɗanjuma zai biyo ta wajenku a dawowarsa. Ka ba shi amsa a rubuce, ta iso ni kafin Juma'ar da za ta zo gabanin tsayuwar watan Layya. Ba sai ka tsawaita ba. Ka gaya min abin da manaja ya kira ciwon, da abin da ka ji da ka shinshina, da ko kunnen ya motsa da ka taka karan. In Juma'ar ta zo babu takarda, na riga na tambayi Malam izinin tahowa ya gyaɗa kai, na tambayi Ɗanjuma ya ce akwai wuri a gaban mota. Ban taɓa wuce Kano ba, amma na ware zanin wankan.

Mahaifiyar Ummi